Yadda Ake Tace Ƙura Daga Hayaƙin Masana'anta Kafin A Auna Shi, Da Abin Da Ya Haɗa Wannan Da Wayarka

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin casar masara a Tsiga lokacin kaka ya san halin ƙura. Kafin a cika buhu goma gira ta yi fari, hula ta sauya launi, wayar da ke aljihun gaba ma ba ta tsira ba. Bayan kwana biyu sai ka kira mutum ya riƙa cewa ka ɗaga murya, ba ya jin ka. Ka kai wa mai gyara a Funtua, ya ɗauko ɗan buroshi ya share ramin makirfon, magana ta dawo garau. Makirfon ɗin lafiyarsa lau tun farko, ƙura ce ta toshe masa hanya.

Wannan ƙaramar matsala ta waya ita ce babbar matsalar injiniyoyin da ke auna iskar gas a masana'antu. Na'urar da ke gaya musu abin da ke cikin hayaƙin bututu tana da tsada kuma tana da laushi, hayaƙin kuwa cike yake da ƙura da zafi da tururi. A yau za mu bi wannan hayaƙi tun daga bututu har cikin na'urar awo, mu ga yadda ake wanke shi a hanya, sannan mu dawo kan na'urorin da muke saye mu ajiye a gida.

Me ya sa ake auna hayaƙi tun farko?

Ɗauki kamfanin siminti, irin na Kalambaina a Sakkwato wanda ya fara aiki a 1967, ko na Ashaka a jihar Gombe, ko na Obajana a jihar Kogi. Zuciyar kowace masana'antar siminti wani dogon murhu ne mai siffar ganga da ke juyawa a hankali, inda ake gasa garin dutse har zafinsa ya kai kusan digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyas. Mai kula da wannan murhu yana zaune ne a ɗakin kwamfuta, ba ya iya leƙa ciki. Abin da ke zame masa ido shi ne lambobin da na'urar awon gas ke turo masa.

Idan iskar oksijin da ta rage a hayaƙi ta yi yawa, to iska ta wuce kima a murhu, ana ƙona makamashi wajen ɗumama iskar da ba a buƙata. Idan ta yi kaɗan, wuta ba ta ci sosai, sai iskar kabon monoksaid ta ƙaru. Wannan ta biyun haɗari ce. Masana'antu da yawa suna kama ƙurar hayaƙi da wata na'ura mai aiki da lantarki mai ƙarfin gaske, wadda Ba'amurke Frederick Cottrell ya ƙirƙiro a 1907. Na'urar kan yi tartsatsi, kabon monoksaid kuwa tana kama wuta. In ta taru da yawa ta haɗu da tartsatsin, abin na iya fashewa. Shi ya sa ake haɗa na'urar awo da makashin lantarki, da zarar lamba ta haura iyaka ta yanke wutar da kanta.

Akwai kuma dalilin doka. A Najeriya hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da alhakin tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, ciki har da abin da masana'antu ke fitarwa zuwa iskar da muke shaƙa. Ba a iya cewa kamfani ya bi ƙa'ida ko ya karya sai da awo, awon kuma ba ya da amfani in na'urar tana faɗin ƙarya.

Abin da ƙura ke yi wa na'urar awo

Yawancin na'urorin da ke auna kabon dayoksaid da kabon monoksaid da haske suke aiki. A cikinsu akwai ɗan bututu mai ƙyalli. A gefe ɗaya fitila ce mai fitar da hasken infared, irin wanda rimot ɗin talabijin ke amfani da danginsa, wanda ido ba ya gani. A ɗaya gefen akwai sensa mai karɓar hasken. Kowace iskar gas tana da nau'in hasken da take shanyewa: kabon dayoksaid tana shan wanda tsawon zangonsa ya kai kusan maikuron 4.3, kabon monoksaid kuma kusan 4.6. Idan aka turo gas cikin bututun, gwargwadon yawansa gwargwadon raguwar hasken da zai isa ga sensa. Daga wannan raguwa na'ura ke lissafa lambar da take nunawa.

To yanzu ka sa ƙura ta kwanta a kan gilashin da hasken ke ratsawa. Haske zai ragu ko da babu gas ko kaɗan. Ka tuna yadda hoto ke fitowa dishi-dishi in maiƙon yatsa ya taɓa gilashin kyamarar wayarka. Na'urori masu inganci suna da sensa ta biyu da ke duba wani nau'in hasken da gas ba ya sha, don a gane raguwar da datti ya jawo a cire ta daga lissafi. Wannan dabara tana da iyaka. In dattin ya yi kauri, hasken da ke wucewa ba zai isa a yi lissafi mai kyau da shi ba.

Ɓarnar ƙura ba ta tsaya a gilashi ba. Tana cinye bawul ɗin famfon da ke zuƙo gas, tana toshe siraran bututu, kuma wata ƙurar tana shan gas ɗin da ake son aunawa. Ƙurar siminti tana da sinadarin farar ƙasa, wanda in ya jiƙe yake kama iskar salfa dayoksaid. Sai na'ura ta nuna hayaƙi ya fi tsabta fiye da yadda yake a gaskiya. Ga shi kuma kowa ya san abin da ke faruwa idan garin siminti ya haɗu da ruwa: bututun ya daskare ya zama dutse.

Yaya girman ƙurar da ake magana?

Ana auna ƙura da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum yana kai maikuron 50 zuwa 70. Ƙurar da manhajojin yanayi ke kira PM10 ita ce wadda ba ta wuce maikuron 10 ba, PM2.5 kuma wadda ba ta wuce 2.5 ba. Hazon hunturu da ke rufe mana rana daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda kaso mai yawa nasa ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, cike yake da irin waɗannan ƙanana.

Ƙwayar iskar gas kuwa ta fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Faɗin ƙwayar kabon dayoksaid bai kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na maikuron ba. Ramin filta mai faɗin maikuron 2 ya ninka ta sau dubbai. Wannan bambanci shi ne sirrin aikin gaba ɗaya. Gas yana wucewa ta filta kamar yadda iska ke ratsa zana, ƙura kuma ta maƙale.

Kada mai karatu ya ɗauka filta rariyar tankaɗe ce kawai, wadda ke tsayar da abin da ya fi raminta girma. Hanyoyin da ke cikin filta a karkace suke. Ƙura mai nauyi ba ta iya bin kwana, sai ta doki bango ta manne. Matsakaiciya tana gogar bango a wucewa ta kama. Mafi ƙanƙanta kuma ba ta tafiya miƙe, ƙwayoyin iska ne ke ta wurgi da ita dama da hagu har ta ci karo da bango. Wadda ta fi wuyar kamu ita ce ta tsakiya, wajen maikuron 0.3 ko ƙasa da haka kaɗan. Shi ya sa ake gwada filtar HEPA da wannan girma, a ce ta kama kashi 99.97 cikin ɗari.

Tafiyar samfuri daga bututu zuwa na'ura

Mataki na farko shi ne sandar zuƙo gas. Wani bututun ƙarfe ne da ake sokawa ta jikin bututun hayaƙi har ya kai tsakiya. A bakin murhun siminti, inda zafi ke haura digiri 1,000, sandar tana da riga biyu ruwa na zagayawa a tsakaninsu, in ba haka ba za ta lanƙwashe.

A gindin sandar ne filta ta farko take. Yawanci da yumɓu na musamman ake yin ta, ko da garin ƙarfe da aka matse aka gasa har ya haɗe ya bar ƙananan ramuka, sau da yawa masu faɗin maikuron 2 ko kusa da haka. Ana sa ta a nan ne don kada ƙura ta shiga dogon bututun da ke biye, inda share ta zai zama aiki.

Wannan filta a cikin zafi ake ajiye ta, galibi wajen digiri 180. Dalili shi ne hayaƙi yana ɗauke da tururi. Ka lura da yadda jikin ledar ruwan sanyi ke yin gumi da zarar an fito da ita daga firij. Haka tururin hayaƙi zai zama ruwa a duk inda ya tarar da sanyi. In hayaƙin yana da salfa, abin da zai fara ɗiga asid ne, kuma yana fara ɗiga tun zafi yana sama da digiri 100. Busasshiyar ƙura ana iya kakkaɓe ta. Jiƙaƙƙiya taɓo ce.

Filtar da ke cikin ƙura haka ba ta daɗewa ba ta cika ba, kuma ba zai yiwu a riƙa hawa bene ana kwance ta kowace sa'a ba. Sai aka yi dabarar hura iska ta baya. Lokaci-lokaci kwamfuta tana rufe hanyar zuwa na'ura, ta saki matsattsiyar iska da ƙarfi daga ciki zuwa waje, ƙurar da ta taru ta koma cikin bututun hayaƙi. Aikin mai faci ne da ke hure filtar mota da kwamfuresa, sai dai a nan babu hannun mutum. A daƙiƙun da ake hurawar na'ura ba ta ganin hayaƙi, don haka a wuraren da haɗari ya yi yawa akan sa sanda biyu, ɗaya tana zuƙa ɗaya tana share kanta.

Inda ƙurar ta yi yawa ƙwarai akan rage ta tun kafin ta iso filta, ta hanyar juya gas ɗin kamar guguwa a cikin wani mazurari. Ƙura mai nauyi ta fita gefe ta zube ƙasa, gas ya fice ta sama. Manyan irin wannan mazurari su ne ake gani a jikin masana'antun gurzar auduga da na sarrafa hatsi, kuma mutanen Funtua da Malumfashi ba baƙin auduga ba ne.

Daga filta gas yana shiga bututu mai ɗumi. Siririn tiyo ne na roba mai jure zafi, an naɗe shi da wayar hita da abin rufi, don zafin ya ɗore har ɗakin na'urori. A can ne ake cire ruwan da gangan, a wuri guda da aka tanada. Ana ratsa gas ta cikin na'urar sanyaya da ke sauke shi zuwa digiri 4 ko 5, tururi ya zama ruwa nan take, wani ƙaramin famfo ya fitar da shi kafin ya sha gas ɗin da ake nema. Da yawa daga cikin waɗannan na'urorin sanyaya suna amfani da farantin Peltier, wanda aka raɗa wa sunan Bafaranshen da ya gano dabarar a 1834. Farantin nan ne ke cikin wasu fankokin da masu buga gem ke maƙalawa a bayan waya don kada ta yi zafi.

Bayan sanyaya akwai filta ta biyu mai laushi, a cikin kofin gilashi don ma'aikaci ya ga launinta da ido. Sai sensar danshi da ke kashe famfo in ruwa ya ɓullo, sai ma'aunin gudun gas. Daga nan ne samfurin, busasshe marar ƙura, yake shiga na'urar awo.

Idan filta ta toshe

Filtar da ta toshe ba ta kashe na'ura. Allo yana nan a kunne, lambobi suna nan suna motsi, kuma a nan haɗarin yake.

Abu na farko jinkiri ne. Mu yi lissafi da misali. Tiyo mai faɗin ciki milimita 4 da tsawon mita 50 yana ɗaukar gas kusan lita 0.6. In famfo yana jan lita ɗaya a minti, gas zai yi daƙiƙa 38 a hanya. Filta ta cushe, gudu ya ragu zuwa rabi, tafiyar ta koma daƙiƙa 75. Lambar da mai kula da murhu ke gani labarin abin da ya wuce ne fiye da minti guda. Ga kariyar da aikinta shi ne yanke wuta kafin fashewa, wannan jinkiri babba ne.

Abu na biyu zuƙo iskar waje. Famfo bai san filta ta toshe ba, ja kawai yake yi. In gaba ta ƙi, sai ya jawo iska ta duk wata mahaɗa da ba ta ɗauru sosai ba. Iskar waje tana da oksijin kusan kashi 21 cikin ɗari, ba ta da gubar hayaƙi. Sai lambar oksijin ta hau, ta gurɓatattun gas ta sauka. Mai kula da murhu ya ga oksijin ya yi yawa ya rage iska, alhali wutar iska take nema.

Saboda haka injiniyoyi ba sa yarda da allo haka kawai. Suna lura da matsin iska kafin filta da bayanta. Suna kuma gwada na'ura da gas na kwalba wanda an san adadin abin da ke cikinsa. Gwaji mai kyau shi ne a turo gas ɗin tun daga sandar zuƙowa, ya bi duk hanyar da hayaƙi ke bi. In an zuba 100 na'ura ta nuna 80, to akwai inda 20 ke ɓacewa a hanya.

Haka abin yake a bututun iskar gas. Bututun da aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, zai buƙaci awon ingancin gas kamar kowane irinsa a duniya, domin da wannan awo ake lissafin kuɗi. Cikin bututun ƙarfe kan tara wani baƙin gari na tsatsa, kuma dole a tace shi kafin samfuri ya isa na'ura.

Wani lokacin kuma ƙurar ce kanta ake son aunawa. A nan ana auna nauyin filta tana sabuwa, a zuƙo adadin gas da aka sani ta cikinta da gudu daidai da gudun hayaƙin bututu, a sake auna ta. Ƙarin nauyin shi ne amsar.

Mu dawo gida

Wayarka ma tana da irin wannan tsari a ƙaramin sigar. A bayan ramin makirfon da na lasifika akwai raga mai laushi. Wayoyin da ke da sensar matsin iska suna da ɗan rami da aka rufe da wata fata mai barin iska ta wuce ta tare ruwa da ƙura. Idan ka ga an rubuta IP68 a kwalin waya, lamba 6 tana nufin an gwada ta a akwatin gari mai laushi ƙura ba ta shiga ciki ba, 8 kuma ta shafi ruwa. Wannan bai hana ragar waje toshewa ba. Ka share ta da buroshi mai laushi, kada ka soka allura ko tsinke, don in ka huda fatar ka buɗe ƙofa.

Na'urar da ta fi muhimmanci ita ce mai ƙararrawar kabon monoksaid. Wannan gas ba shi da launi ba shi da wari, kuma jini yana kama shi fiye da yadda yake kama oksijin sau fiye da 200. Janareta a zaure ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da sanyin hunturu sun isa su kashe mutanen gida suna barci. Ana auna shi da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Ƙa'idar Turai ta EN 50291 ta ce ƙararrawa ta yi kuka cikin minti 3 in gas ya kai ppm 300. Sensar da ke ciki tana jiran gas ya shigo mata ta ƙananan ramukan murfi. In ƙura da yanar gizo-gizo sun cushe ramukan, gas zai makara, kukan ma ya makara.

Maɓallin gwaji da ke jikin yawancin irin wannan na'ura batir da ƙararrawa yake gwadawa, ba ya tabbatar maka gas yana isa ga sensa. Don haka ka riƙa share ramukan da busasshen buroshi, musamman bayan hazo. Kada ka fesa mata turare ko maganin sauro, kada ka shafe ta da fenti. Ka duba ranar ƙarewar aikinta a baya, don sensar tana tsufa ko da ba ta taɓa kuka ba. Janareta kuma wajen ɗaki ne wurinsa, nesa da taga, ko da ƙararrawa ko babu.

Masu ajiyar hatsi ma abin ya shafe su. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa masara da wake a sito, mai nauyin giram 3, tana sakin giram ɗaya na iskar fosfin, wadda ke kashe ƙwari kuma take kashe mutum. Iyakar da dokar wurin aiki ta Amurka ta sa ita ce ppm 0.3 a aikin sa'a takwas. Masu feshin da suka ƙware suna auna iskar sito da na'urar hannu kafin su bari a shiga, kuma a bakin tiyon na'urar akwai ɗan faifan filta saboda ƙurar hatsi. Faifan in ya yi duhu ana canza shi. Kada a taɓa sa wannan ƙwaya a ɗakin da ake kwana ko wanda ya haɗa bango da shi.

Sai ƙananan na'urorin awon ingancin iska da ake haɗawa da waya, masu nuna PM2.5. Waɗannan ƙurar suke ƙirgawa da hasken leza da 'yar fanka, don haka kada ka rufe musu baki da kyalle da sunan kariya. Ka ajiye su nesa da madafa da injin niƙa, ka bi bayanin kamfani wajen tsaftace su. Don ka san inda lambar da kake gani ta dosa, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa mizanin PM2.5 na yini guda a maikurogiram 15 cikin kowace mita kubik ta iska.

Kafin ka sayi kowace na'urar awon gas, ka tambayi mai sayarwa abu uku: ta ina iska ke shiga, ana iya canza filtarta kuma ana samunta a kasuwa, sannan yaushe aikin sensar zai ƙare. In ya kasa amsa ko ɗaya, ka nemi takardar bayanin na'urar a intanet da lambar samfurinta kafin ka biya kuɗi.